Tsohuwar Bayan Rafi

Ƙungiyarmu ta matan unguwa ba da takarda aka kafa ta ba, tsadar rayuwa ce ta kafa ta. Surukata, wadda nake kira Inna, ta ba ni labarin cewa a shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da man girki suka gagari talaka, mata biyar ne suka haɗa gyaɗarsu a gidan wata da ake kira Hajiya, suka soya, suka matse mai, suka raba. Da suka ga aikin taro ya fi na mutum ɗaya sauƙi, sai suka mayar da shi duk ranar Alhamis. Ni kuwa sai a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aure ya kawo ni ƙauyen, can ɓangaren Jama'a, tsakanin Gwarzo da Kabo. Na tarar sun haura mata ashirin.

A shekarar ne hijabi ya cika gari, aka buɗe Islamiyyar matan aure, wasu mazan kuma suka fara cewa fitar Alhamis ba ta dace ba. Matar liman, wadda kowa ke kira Gwaggo, ita ta tsaya mana. Ta ce gidan Hajiya babu namiji tun da mijinta ya rasu, kuma ita da kanta za ta riƙa ɗora mana karatun sallah kafin a hura wuta. Da haka maganar ta mutu.

Tun da hantsi muke taruwa. Wasu na ɓarar gyaɗa, wasu na suya a kasko da yashi, wasu na murza da sheƙa. Idan an dawo da niƙa daga inji, sai masu ƙarfi su kama turmi suna juyawa da ruwan zafi har mai ya taso, mu kuma mu zauna muna mulmula tunkuza, ana soya ƙuli-ƙuli. A nan ake jin wadda ta haihu, da wadda ke kwance, da gidan da za a je girkin suna. Idan mace ta rasu a unguwar, Gwaggo ce mai wanka, ƙungiya ce mai ɗinkin likkafani. Da la'asar kowacce ta ɗauki rabonta na mai da ƙuli-ƙuli ta kama hanyar gida.

Ban san ranar da tsohuwar ta fara zuwa ba. Da na tambayi sauran daga baya, babu wadda ta sani. Ni dai na fara lura da ita bayan an gama kaka. Doguwa ce, siririya, fara kamar Bafulatana, ba ta sa hijabi sai wani tsohon zane baƙi da take lulluɓa da shi. Kullum bakin zanenta cike da ƙarangiya, alamar ta ratso daji. Takan yi sallama ƙasa-ƙasa, ta wuce gindin rumbu ta zauna, ta jawo faifai. Hannunta da sauri, kafin in ɓare kwano ɗaya ta ɓare biyu. Iya muke ce mata, tana amsawa.

Ni amarya ce, ban san dangin kowa ba, na ɗauka tsohuwar 'yar ƙungiya ce. Hajiya ta ɗauka baƙuwar Inna ce, don dangin mijina asalinsu makiyaya ne kuma suna da 'yan uwa a rugage. Inna ta ɗauka ɗalibar Gwaggo ce daga wata unguwa. Gwaggo kuma ta ɗauka 'yar uwar marigayi mijin Hajiya ce. Kunya ta hana kowa tambaya, don ba a tambayar babba daga ina yake alhali yana zaune yana taya ka aiki.

Ba ta cin abinci a gabanmu. Idan an zuba ɗanwake ko dambu da rana, sai ta ce alhamdu lillahi, ta ƙoshi. Mai kuma ba ta karɓa, ƙuli-ƙuli kawai, ta kasa shi huɗu a bakin zanenta, ta ɗaure kowane kashi daban.

Wata Alhamis na zauna kusa da ita, na yi ƙarfin hali na ce, "Iya, wa kike kai wa ne?"

Ta ce, "Yara."

"Jikoki?"

"Yara dai. Su huɗu ne." Ta ɗago ta dube ni, karo na farko da na ga idonta sosai. "Ƙaramin bai iya tauna mai tauri ba, sai na daka masa."

"A wace unguwa kuke?"

Ta nuna yamma da haɓa. "Bayan rafi."

Daga ranar na riƙa tsame mata wanda bai gama soyuwa ba, mai laushi, in ajiye a gefe. Idan na miƙa mata sai ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya ba ki masu yi miki." Tafin hannunta sanyi ƙalau, ko da ta wuni kusa da wuta.

Akwai wani abu da take yi wanda ya fara damun mata. Idan rana ta take, lokacin da ko kaji sun shige inuwa, sai ta tsayar da hannunta cak, ta juya kai wajen katanga kamar an kira ta, ta ce, "Na'am. Ina zuwa." Ba da ƙarfi ba. Sannan ta ci gaba da ɓara. Bayan katangar nan babu komai sai gonar dawa da aka girbe. Ranar da na fara ji, na dubi matar da ke kusa da ni, na ga ita ma ta ji, ta sunkuyar da kai.

Aka fara ƙus-ƙus. Masu goyo suka daina zama ta gindin rumbu. Da ɗan wata mata ya yi zazzaɓi, sai na ji an ambaci maita a bakin rijiya. Maganar ta kai kunnen Gwaggo. Alhamis ta gaba, kafin tsohuwar ta iso, ta rufe littafinta ta ce, "Na ji abin da ake faɗa. Wadda ta ga wani abu da idonta ta tashi ta faɗa." Babu wadda ta tashi. Ta ce, "To, zato zunubi ne. Tsufa ne, ku ma kuna tafe. Kada in sake ji." Ba a sake faɗa a fili ba, amma wurin da ke kewaye da Iya ya ci gaba da zama fili. Ni kaɗai nake zama kusa da ita, kuma ba don na fi su imani ba. Inna ce ta ce in zauna, tana ganin kunya ce a bar tsohuwa ita kaɗai.

Cikin bazara abin ya faru, wata Alhamis mai zafin da ko iska ba ta motsi. An kira azahar, mata sun tashi alwala. Ina tattara ɓawon gyaɗa sai na ji ta ce, "Na'am." Wannan karon da ƙarfi, da wata murya mai daɗi, irin ta uwar da ta hango ɗanta daga nesa. Ba ta ce tana zuwa ba. Na tafi na yi alwala, muka yi sallah a rumfa. Da muka sallame na waiwaya, tana nan zaune jingine da rumbu, faifai a cinyarta, hannayenta biyu cikin gyaɗa.

Na je na ce, "Iya, an yi sallah." Shiru. Na taɓa kafaɗarta, kanta ya gangaro gefe.

Gwaggo ta zo ta duba ta, ta kara kunne a ƙirjinta, ta daɗe. Sannan ta shafa idanunta ta rufe, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rai ya yi halinsa."

Aka ɗauki salati. Wasu suka fashe da kuka, har da waɗanda suka guje ta. Da aka ɗan natsa, Hajiya ta juya wajen Inna ta ce, "Sai a aika wa mutanenku."

Inna ta ce, "Mutanenmu kuma? Ai na ɗauka ta wajen Gwaggo ce."

Gwaggo ta ce, "Ni? Hajiya, ba 'yar uwar mai gidanki ba ce?"

Hajiya ta dafe ƙirji. "Wallahi ban taɓa ganinta ba sai a tsakar gidan nan."

Aka shiga kallon kallo. Aka bi mata ɗaya bayan ɗaya, mu ashirin da uku, babu wadda ta san sunanta, babu wadda ta san gidansu. Aƙalla wata biyar tana zama cikinmu. Na ce da su, "Ta ce mini bayan rafi take, tana da yara huɗu."

Inna ta dube ni. Ta yi kiwo a dajin nan tun tana yarinya, ta san kowane burtali. Ta ce, "Bayan rafi babu kowa. Kufai ne. An tashi daga wurin tun kafin a haifi autana."

Aka aika wa liman da mai unguwa. Suka ce zafin nan ba zai bari a jira ba, a yi mata sutura, a yi cigiya daga baya. Gwaggo ta ce ni zan zuba mata ruwa, tunda ni ce na saba da Iya. Ban taɓa ganin wankan gawa ba sai ranar. Ina zuba ruwan magarya, Gwaggo na wankewa. Jikin Iya babu nauyi, kamar na yarinya. Tafin ƙafarta ya tsage kamar ƙasar fadama. A damtsenta, can sama inda zane ke rufewa, muka sami wani ɗan warwaro na jan ƙarfe, irin na jarirai, an ɗaure shi da zare. Gwaggo ta kwance ta ba Hajiya ta adana. Mata suka ɗinka likkafani a rumfa, maza suka zo da makara, kafin magariba an kai ta.

Maganar yaran ce ta hana ni sakat. Na ce da Inna, in fa da gaske akwai su, suna can suna jira? Ita ma abin ya tsaya mata. Ranar Asabar da hantsi muka tafi, ni da Inna da Hajiya da Gwaggo, mai unguwa yana gaba da sandarsa. Muka tsallake rafin, ya bushe sai yashi, muka bi wata siririyar hanya cikin sabara. Tafiyar ta fi yadda na zata. Ina ta tunanin tsohuwar nan tana yin ta sau biyu duk Alhamis. Sai da rana ta kusa tsaka muka hango kukoki uku da ragowar katangu da ruwa ya cinye.

Mai unguwa ya yi sallama sau uku. Babu amsa, ko kukan tsuntsu babu. Ya tsaya a gindin kuka ya ce mu shiga, tunda wurin mace ne.

Ɗaki ɗaya ne ya rage a tsaye, an rufe samansa da kara da tsofaffin buhunan taki. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne ƙofar ɗakin. A share take tas, ana ganin zanen tsintsiya a ƙasa, babu ko ganye ɗaya, alhali kwana biyu ke nan da rasuwarta. A ciki akwai tabarma, da tulu, da 'yar tukunya, da ƙaramin turmi. Inna ta durƙusa gaban murhu ta sa hannu cikin toka, ta janye da sauri.

Ta ce, "Da ɗumi."

Hajiya ta ce, "Rana ce." Amma murhun a inuwa yake.

Gwaggo ce ta zagaya bayan ɗakin. Muka ji ta tana salati a hankali, muka bi ta. Kaburbura ne guda huɗu a jere, gajeru, ƙasarsu ta kwanta saboda daɗewa, amma an kewaye su da sabuwar ƙaya. A kan kowanne akwai ɗan ƙoƙo. Uku da ƙuli-ƙuli a ciki. Na huɗun, wanda bai fi tsawon hannuna ba, garin ƙuli-ƙuli ne a ƙoƙonsa, an daka shi luƙui.

Na zauna a ƙasa. Wanda na riƙa tsamewa da hannuna ke nan, ina murna ina yi wa wani yaro alheri.

Gwaggo ta ɗauke ƙoƙunan ta zubar can gefe, ta ce matacce addu'a yake so, ba abinci ba, Allah ya yafe wa Iya, ba cikin hankalinta take ba. Ta ɗaga hannu muka yi musu addu'a. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma na ga ta ƙi juya wa ɗakin baya har muka fita. A hanyar dawowa babu wanda ya yarda ya zama na ƙarshe a layi.

Mai unguwa ya sa aka yi cigiya a masallatan Juma'a da ranakun kasuwa, har Sabon Birni da cikin Kabo. Mako uku shiru. A na huɗu, ranar Alhamis muna cikin aiki, wata mata ta yi sallama. Za ta kai shekara arba'in, doguwa, fara. Tun kafin ta buɗe baki na ga tafiyarta irin ta Iya ce sak. Ta ce daga wajen Gammo take, mijinta ne ya ji cigiyar a kasuwa. Hajiya ta shiga ɗaki ta ɗauko warwaron. Matar ta karɓa, ta juya shi, ta ce, "Na ƙanena ne." Ta zauna a inda take tsaye.

Sai da ta sha ruwa ta ba mu labari. Su biyar mahaifiyarsu ta haifa, ita ce babba. Tun tana ƙarama aka ba da ita riƙo wajen gwaggonta a Gammo. A wata shekara da sanƙarau ya shiga unguwar bayan rafi, ƙannenta huɗu suka tafi cikin mako guda. Mutane suka tsorata suka watse, mahaifinsu ya ɗauki matarsa suka koma wajen danginsa, bai daɗe ba shi ma ya rasu. Tun daga nan uwar ba ta koma daidai ba. Ba ta duka, ba ta zagi, sai dai ta ce ana kiranta, ta kama hanya. Sau da yawa ana dawo da ita. Wata rana ta fita ɗebo itace, ba a sake ganinta ba.

Hajiya ta ce, "Yaushe ke nan?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Ba ku duba kufan ba?"

"Nan muka fara zuwa. Sau uku mijina na zuwa da mutane, shekara daban-daban. Ciyawa ce kawai da macizai, babu alamar mutum. Har birni an neme ta. Da aka gaji, malamai suka ce a yi mata sadaka, aka yi." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ina ta zauna duk shekarun nan? Me take ci?"

Har yau ban ji wanda ya san amsar wannan ba.

Da aka nuna mata ni a matsayin wadda ta fi zama da tsohuwar, sai ta matso kusa da ni ta rage murya. Ta ce, "Ƙanwata, don Allah ki gaya mini gaskiya. Ta taɓa yin maganata?"

Kafin in ba ta amsa ta sake tambaya.

"Da ta ce tana da yara, nawa ta ce?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Huɗu, Yaya."

Ta gyaɗa kai kamar dama ta sani. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Gwaggo ta taso ta dafa ta ta ce, "'Yata, ke ta san kina hannun mutane, kina ci kina sha. Waɗanda take ganin ba su da kowa su ta ƙirga." Ban san ko maganar ta shige ta ba. Ta dai ce, "Allah ya sa haka ne, Gwaggo."

Ta nemi faifai, ta taya mu aiki har la'asar. Liman ya sa aka raka ta ta hango kabarin mahaifiyarta daga bakin maƙabarta. Ta kwana a ɗakin Inna, da safe muka raka ta bakin titi ta hau mota. Bayan mako biyu mijinta ya zo da 'yan uwansa, suka je kufan tare da liman, suka gyara kaburburan, suka rushe ɗakin. Ita kuwa duk kaka takan aiko wa ƙungiya da gyaɗa, amma ba ta sake takowa garin ba.

Da damina ta faɗi, wani mai hali daga Gwarzo ya karɓi filin kufan zai noma, ya ɗauki mijina ya yi masa huɗa da shanunsa. Mijina ya fita da sassafe, ina sa ran sai la'asar, sai ga shi ya dawo rana tsaka. Ya kwance shanun, ya ba su ruwa, ya zauna a inuwa. Na kawo masa fura, ya riƙe kwanon bai sha ba.

Na ce, "Malam, lafiya? Garmar ce ta karye?"

Ya ce garma lafiyarta ƙalau. Ya ce sun yi kunya goma sha biyu babu matsala, da suka zo daidai inda ɗakin yake a da, shanun suka tsaya. Bai ga komai ba, bai ji komai ba. Ya yi musu magana, ya ja, har ya ɗaga bulala, abin da bai saba ba. Suka ƙi gaba, suka ƙi baya, sun kafe kunnuwa wuri guda suna kallo, jikinsu na ɓari. Sai da ya juya su ta gabas suka yarda suka taka.

Washegari ya aika wa mai gonar cewa ya nemi wani. An ce mutumin ya kawo tarakta daga baya, ta nome filin duka ban da gefen kaburburan. Mijina bai sake kai shanunsa ƙetaren rafin ba har ya sayar da su.